Fayil Ɗin da Na Karɓa a Hannun Ladi

Unguwar Ali Kazaure,
Jos.

Zuwa ga ɗana, autana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Lokoja lafiya, ka samu masauki na kirki da maƙwabta masu mutunci. Allah Ya tsare min kai a inda idona ba ya kaiwa, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ka shiga wannan aiki na gwamnati a sa'a. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa, alhali kusan kullum muna waya. To, a waya ba na iya wuce tambayarka ko ka ci abinci da yaya zafin garin. Ranar da na raka ka tasha na yi niyyar in yi maka wannan magana, har na riƙe hannun rigarka, sai direba ya ce a shiga mota. Na ce ka riƙa salla a kan lokaci, na sake ka. Da na dawo gida na zauna a tsakar gida har la'asar ban cire mayafi ba. Tun da Babanku ya rasu, 'yan'uwanka kowa ya kama gidansa, kai ne kake motsi a gidan nan. Yanzu in na rufe ƙofa sai in ji ƙararta har cikin kaina.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Labarina zan ba ka, wanda ka san rabinsa daga bakin mutane. Shekara talatin da biyu na yi ina aikin gwamnati, kuma an sallame ni da takardar yabo, ita ce wadda ka sa wa gilashi ka rataye a falo. Ina so ka san abin da takardar nan ba ta faɗa ba.

Na shiga aiki a matsayin mai buga tafireta a wata ma'aikata ta jiha, ina da goyon yayarka Maryam. Ban san kowa ba, kuma a lokacin matan unguwarmu da ke zuwa ofis ba su da yawa. Wadda ta fara yi min magana ita ce Ladi, ma'aikaciyar rajista, wato ɗakin da ake ajiye fayil-fayil. Kirista ce, mutuniyar wani ƙauye a gefen Kuru. Kullum sai ta hau mota biyu, ta sauka a Bukuru ta canza wata, amma ba a taɓa buɗe ofis ba ta iso ba. Ita ta koya min yadda ake tsara wasiƙar gwamnati, da inda ake sa lamba, da wanda ake gaisarwa a tsaye da wanda ake gaisarwa a zaune. Da rana mukan shimfiɗa jarida a bayan kabad ɗinta mu ci abinci, ta kawo gwaten acca, ni in kawo dambu ko ɗanwake. In azumi ya zo sai ta daina cin abinci a gabana, ba tare da na roƙe ta ba. Ranar sunanka ita ta fara ɗaukarka bayan kakarka. Ba za ka tuna ta ba, domin kana ɗan shekara huɗu ta daina zuwa gidanmu.

Ladi tana da wani babban littafi mai baƙin bango. Duk fayil ɗin da zai fita daga ɗakinta sai mai ɗauka ya rubuta sunansa da ranar, ya sa hannu. Ko babban sakatare ne ya aiko, sai an sa hannu. Ana yi mata dariya a kan haka, ana ce mata Madam Littafi. Ni ma na yi dariyar.

Kuskurena na farko ƙarami ne a idona a lokacin. Albashi ba ya isa, ɗinkin Babanku wata rana a samu wata rana babu, sai na fara sayar da atamfa da mayafai a ofis. Kowa yana sayar da wani abu, ban ga laifi ba. Nakan iso ƙarfe goma in rubuta takwas a rajistar zuwa aiki, in ajiye jaka, in zaga ofisoshi da kayana.

Wani tsoho ya zo daga wajen Shendam, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Wasiƙa ɗaya yake buƙata, layi shida, an riga an rubuta da hannu an sa a tirena, bugawa kawai ta rage. Na ce ya jira. Ya zauna a benci a baranda da 'yar jakarsa a cinya, ga sanyin Jos, shi kuwa mutumin ƙasa mai zafi ne, rigarsa shara-shara. Ranar ban buga ba. Kashegari ya dawo, ina tsakiyar nuna wa wasu mata sabon yayi, na ce masa ribon ɗin tafireta ya ƙare. Bai ƙare ba. Rana ta uku na buga a cikin minti biyar na miƙa masa ko kallonsa ban yi ba. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, sannan ya ce, "'Yata, kwana biyun nan a tashar mota na kwana. Ban faɗa don ki ji kunya ba, na faɗa ne don na gobe."

Na ji kunyar, amma ta yini ɗaya ce. Ban daina sayar da atamfa ba sai bayan shekaru.

Nura, mutumin da ya tsaya a gaban teburinka ba daga bayan ƙofa ya fito ba. Ya baro gona ko shago ko mara lafiya, ya hau mota, wataƙila bai karya ba. Abin da kake gani takarda ce, a wurinsa abincin gidansa ne. In aikin na minti biyar ne, yi masa a minti biyar. In ba zai yiwu yau ba, gaya masa gaskiyar ranar da zai yiwu, ya tafi ya dawo, kada ka bar shi a benci yana kallon ƙofarka. Kuma lokacin da ka iso shi za ka rubuta, ko da kai kaɗai ne sunanka zai fito a makare. Hannun da ya saba rubuta ƙaramar ƙarya ba ya rawa ranar da aka miƙo masa babba. Ni na gani a kaina.

Bayan na kai shekara goma sha biyu a aiki aka kawo mana sabon darakta. Ba zan rubuta sunansa ba, ka san shi, ka sha gaishe shi a masallacin Juma'a. Mutum ne mai fara'a da kyauta, kuma ɗan unguwa ne, ya san Babanku. Ya ga bugun da nake yi babu kuskure, sai ya ɗauke ni na zama sakatariyarsa. Aka ba ni ofis mai labule da kwamfuta, aka tura ni kwas. Wanda duk zai ga oga sai ya bi ta gabana. Manyan mutane da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suka koma tambayata lafiyar yara. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya gaya maka. Na rage zuwa bayan kabad ɗin Ladi, na ce aiki ya yi yawa. Ita kuwa takan aiko min da gwatena a 'yar kula.

Wata rana oga ya kira ni ya ce ya sa sunana a cikin ma'aikatan da za a ba kujerar Makka a wannan shekara. Akwai waɗanda suka girme ni a aiki suna jiran layi, na sani, shi ma ya sani. Na durƙusa a kan kafet ɗinsa ina kuka ina godiya. Babanku ne kaɗai bai yi murna ba da na kawo labari. Ya ajiye almakashi ya tambaye ni ko layina ne ya zo. Na ce masa Allah ne Ya kira ni. Ya ɗinka min kayan tafiya da hannunsa.

Na je na dawo, aka fara kirana Hajiya. Karɓar aikin Hajjina yana wurin Allah, ina roƙonSa kullum. Amma tun daga ranar da na sauka daga jirgi ban sake iya kallon mutumin nan in ce masa a'a ba. Bai taɓa yi min gori ba, ko sau ɗaya. Ba ya buƙatar ya yi.

Saboda haka ka kula da alherin wanda ke sama da kai, musamman alherin da ba haƙƙinka ba ne. Ba kowane mai kyauta ne mugu ba, kuma ba na ce ka zama mai taurin kai da ba ya karɓar ko ruwan sha ba. Amma in aka ba ka abin da ka san na wani ne, ko aka tsallake da kai a layi, ka tambayi kanka ko gobe za ka iya musa wa mai ba ka. In amsar a'a ce, ka yi godiya da ladabi ka ce a ba wanda ya cancanta. Za a ce maka wawa. Ka jure.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Shekara biyu bayan haka ma'aikatarmu ta ɗauki sababbin ma'aikata. Aka yi jarrabawa, aka yi intabiyu, kwamiti ya fitar da sunayen waɗanda suka ci, da makin kowa, aka sa a fayil aka kai rajista. Ranar wata Talata da hantsi oga ya ce in je in karɓo masa fayil ɗin. Ya ƙara da cewa kada in tsaya sa hannu, dubawa kawai zai yi ya mayar.

Na sami Ladi tana jera takardu. Na faɗa mata, ta ɗauko fayil ɗin ta turo min littafinta. Na ce sauri nake, oga yana jira, yanzun nan zan dawo da shi. Ta dube ni, ta dubi littafin. A iya sanina ba ta taɓa yi wa kowa haka ba. Ta ja littafin ta rufe, ta ce, "Ke ce ai, Saude. Je ki."

Da na kai masa sai ya rufe ƙofa, ya ba ni wata takarda da ya rubuta da jan biro, ya ce in sake buga jerin sunayen. Mutum bakwai za a cire, a sa wasu bakwai. Ya ce daga sama aka turo, shi ma ba yadda zai yi, kuma biyu daga cikin sababbin 'ya'yan unguwarmu ne, marayu, taimako ne. Na tsaya da takardar a hannuna. Na san abin da nake kallo. Abin da na ce kawai shi ne, "To, ranka ya daɗe." Na zauna na buga, babu kuskure ko ɗaya. Ya sa hannu aka liƙa a allo. Fayil ɗin kuwa ya sa a jakarsa, ban sake ganinsa ba.

Har yau ina iya jero maka sunayen nan bakwai da na cire. Ɗaya daga cikinsu wata yarinya ce daga Mangu. Ta zo duba allo ana yayyafi, ta bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi, sannan ta shigo ofishina ta tambaya cikin ladabi ko akwai shafi na biyu. Na ce babu.

Ka ji wannan da kyau. Duk umarnin da mai ba da shi ba ya son a rubuta, akwai dalilin da ya sa ba ya so. In ogan ka ya ce ka yi abu kuma zuciyarka ta tsaya, ka ce masa cikin girmamawa ya rubuta maka a fayil. Ba rashin kunya ba ne, haka aikin yake. Mai gaskiya zai rubuta. Wanda ba shi da ita zai yi fushi, ya nemi wani, wataƙila ya tura ka wani lungu inda babu komai sai kujera. Ka tafi lungun. Kuma kada ka yarda a ce maka taimakon namu ne. A Jos na ga yadda kalmar nan take cin mutane. Yarinyar Mangu ita ma ta wasu ce.

Ladi ta zo neman fayil ɗinta a ranar, na ce oga bai gama ba. Ta dawo bayan kwana biyu, ta sake dawowa. Daga baya in na hango ta a baranda sai in shige banɗaki.

Wasu daga cikin waɗanda aka cire suka rubuta koke. Aka kafa kwamitin bincike, kwamiti ya nemi fayil na asali don a gwada da abin da aka liƙa. Babu fayil. Aka buɗe littafin Ladi, littafi ya nuna fayil ya shiga rajista kuma bai fita ba. Littafin da ta tsare shekara da shekaru shi ya zama shaida a kanta. Ta ce ni ta ba. Sai aka kira ni.

Kafin in shiga oga ya tsaya a bakin teburina yana gyara hula. Bai ce in yi ƙarya ba. Ya ce dai in tuna ina da yara ƙanana, kuma wanda ya buga takardar ma ba zai fita ba in magana ta tashi.

Mutum biyar ne a kan dogon tebur. Ladi tana zaune a gefe a kujerar roba, ta sa kayanta na zuwa coci. Shugaban kwamiti ya tambaye ni ko na karɓi fayil ɗin daga hannunta. Na ce fayil-fayil da yawa suna bi ta hannuna a kullum. Ya ce wannan fa? Na ce, "Ban tuna ba."

Ladi ba ta yi ihu ba, ba ta ƙaryata ni ba. Ta kira sunana sau ɗaya, a hankali, kamar tana tashina daga barci. Ban juya ba.

Aka dakatar da ita, bayan wata huɗu aka kore ta bisa sakaci da ɓatar da takardun gwamnati. Saura mata shekaru kaɗan ta yi ritaya. Ta tafi babu fansho, babu komai, ga mijinta ba shi da lafiya, ga yara a makaranta. Ranar da ta zo kwashe kayanta na ce ina zazzaɓi, ban je aiki ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba, ai ban ce ba ta ba ni ba. Nura, "ban tuna ba" ƙarya ce cikakkiya in ka tuna. Haka "ban gani ba", haka yin shiru a inda maganarka za ta kuɓutar da wani. Ranar da za a tambaye ka, tsoro zai zo maka da hujjoji masu kyau, zai kawo maka fuskar matarka da ta 'ya'yanka. Ni ma fuskokinku ya kawo min. Na ciyar da ku, na biya muku makaranta, amma ban sake cin abincin rana da kowa a ofishin nan ba har na bar aiki. Ba wanda ya guje ni. Ni ce na kasa zama da mutane.

Babanku ya tambaye ni sau biyu me ya hana Ladi zuwa. Na ce ka san yadda gari ya koma, kowa yana tsoron shiga unguwar wani. Ya yarda, ko ya nuna ya yarda. Gaskiya ne garin ya rabu a shekarun nan, mu a nan su a can, kuma na ji daɗin samun abin fakewa. Ya rasu ban gaya masa ba. Wannan yana cikin abin da ya fi damuna, domin shi mutum ne da in ya yanka yadin wani ba daidai ba sai ya faɗa kafin mai kaya ya gani.

Yanzu za ka gane abin da ya haɗa ni da kai. Shekara uku ka yi a gida bayan bautar ƙasa, kana ta cike takardu. Ka roƙe ni in je wurin tsohon ogana, ka ce magana ɗaya zai yi a ɗauke ka. Na ƙi. Ka ce ban damu da kai ba, ka yi sati biyu ba ka ci tuwona ba. Na bar ka da fushinka domin ba ni da bakin yi maka bayani. Na san yadda ake samar wa mutum wuri a jerin suna. Sai an cire wani. Da ka ci jarrabawar nan da kanka, ka shigo da takarda kana rawa a tsakar gida, na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Bayan rasuwar Babanku, da na gama takaba, na rubuta duk abin da ya faru, shafi huɗu, na sa hannu, na kai hukumar da ke kula da ma'aikata. Wannan shi ne abin da ka ji ana cewa na kai ƙarar mutumin kirki. Ba ƙararsa na kai ba, kaina na kai, sunansa ya biyo. Ba abin da aka yi masa, ya tsufa, kuma takardar da za ta kama shi babu ita. Ni ma aka ce na riga na yi ritaya, sai gargaɗi a rubuce. Amma magana ta fito unguwa. Matan da muke zuwa islamiyya tare suka rage gaisuwa. Wata ta tare ni a wurin wani suna ta ce mutumin da ya kai ni Makka na tona wa asiri saboda wata can. Ka sha tambayata me ya sa na daina zuwa biki. To, ba a cika gayyatata ba ne.

Shekara biyu ina bin maganar Ladi daga ofis zuwa ofis. Yau a ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe a ce a dawo wani sati. Yaran da ke kan teburan ba su san ni ba, Mama suke ce min. Wasu sun kyautata, wasu ko ɗago kai ba sa yi. Sati biyu kafin tafiyarka takarda ta fito. An soke korar, an mayar da ita ritaya, za a fara biyanta haƙƙinta.

Ranar da na ce maka zan je dubiya Bukuru, Kuru na tafi. Na sauka a bakin titi na yi tambaya, aka nuna min hanya ta cikin gonakin dankali, gidan yana bayan wani shingen kyarana. Na same ta zaune a kan turmi a rana, tana ɓare wake. Ta rame, kanta ya yi fari fat, idanunta sun yi hazo. Mijin ya daɗe da rasuwa. Na yi sallama, ta karkata kai ta saurara, ta ce, "Hajiya ce?" Ba ta taɓa kirana haka ba, ko bayan na dawo daga Makka Saude take ce min.

Ta sa aka kawo min kujera da ruwa. Na durƙusa a ƙasa na ce mata na tuna, tun ranar ma na tuna. Ta ce ta sani. Ta ce shekarun farko takan zauna tana jiran ta ji sallamata, ba don aikin ba, don dai ta san ba ita ce ta haukace ba. Daga baya ta daina jira. Babban ɗanta ya bar makaranta a shekarar, yanzu yana haƙar kuza a ramukan da ke bayan gari. Ta faɗi wannan ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara.

Na ba ta takardar, ta shafa ta, ta miƙo min ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce in maimaita wurin da aka ce ba a same ta da laifi ba. Na maimaita. Ta karɓa ta ninke ta sa a cikin zaninta, ta ci gaba da ɓare wakenta, hawaye yana zuba a kan hannunta. Na jawo tiren waken na taya ta. Mun kai awa ɗaya muna ɓarewa.

Da zan tafi na roƙe ta gafara. Ta ce, "Na yafe miki tuntuni, don in samu in yi barci. Amma kada ki sa ran mu koma yadda muke. Wannan Ladin ta tafi."

Ta rako ni har bakin shinge tana dafa sanda. Ta ce Allah Ya kiyaye hanya. Ba ta ce in sake zuwa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na hau mota zuwa Bukuru, na canza wata zuwa cikin gari, hanyar da ta bi kullum shekara ashirin da wani abu, ni kuwa ban taɓa binta ba sai ranar. Na iso gida kana ta gugar kayan tafiya, kana waƙa. Ka ce yaya mai jiki, na ce da sauƙi. A duk shekarun nan ba ranar da na samu abin faɗa kamar ranar, kuma na duba ko'ina ban ga wanda zan faɗa wa ba.

Kai ne na farko a gidan nan da ya ji. In ka ji kunyata, ba zan ga laifinka ba. Ba sai ka ce komai a waya ba, ka tambaye ni lafiya kamar kullum, zan gane ka karanta. Abin da nake roƙonka kawai, in ranarka ta zo, kuma za ta zo, ka faɗi abin da ka sani a lokacin da faɗar za ta yi wa wani amfani. Mai riƙe gaskiya a ofis yakan rasa abokan hira, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni da na sake ta ban tsira da kowa ba.

Allah Ya yi maka albarka, Auta. Ya tsare hannunka da harshenka, Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronSa, Ya sa kada wani ya yi kuka saboda kai. Ya kiyaye ka a zaune da tafiye, Ya dawo min da kai lafiya in ina da rai. In kuma ba ni, ka sa ni a addu'a tare da Babanku.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Saude